Wa ke riƙe da rumbu?

A ƙauyenmu, kusa da Tasawa, tsarin da a fili yake. Gandu na mai gida ne, kowa ya yi masa aiki, sai an tashi daga nan mutum ya nufi gamanarsa. Ba mai buɗe rumbu sai da izininsa. Shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa saurayi auren fari. In ya ce a'a, magana ta ƙare.

Yanzu an raba gona har ta gaji, hatsinmu ba ya kai mu bazara. Yayana ya tafi Jado lokacin da aka gano zinariya a 2014, daga can ya zarce Libiya. Tun sannan rumbun gidanmu ya koma cikin salula.

Bara aka zo neman auren ƙanwata, tana shekarar birbe. Baba ya amsa, baffanni sun ci goro. Da dare inna ta ce in ara mata wayata, ta yi wa yaya saƙon murya, a hankali, kamar mai gaisuwa. Bayan kwana biyu ya kira Baba. Bai ɗaga murya ba, ranka ya daɗe ma ya riƙa cewa, amma ya tuna masa jika talatin ɗin da yake aikowa kowane wata. Da safe Baba ya tara mutane a zaure, ya ce ya sake shawara, yarinya ta gama lakwal tukuna. Kowa ya san inda shawarar ta fito, ba wanda ya nuna. Inna tana can tana daka, kai ka ce ba ta ji komai ba.

Wallahi na yi murna. Sai daga baya abin ya tsaya mini a rai. Gaskiya ce ta yi nasara, ko kuɗi? Da yaya ne ke son auren, don abokinsa, da yanzu an kai amarya. Ikon da muke kuka da shi a hannun tsofaffi bai mutu ba, hannu ya sauya. Na Baba ma yana da masu tsawata masa: liman, gwaggo, kunyar gari. Mai aiko da kuɗi daga Sabha, wa zai ce masa kul?

Ranar da sakamako ya fito na tambaye ta ko ta yi wa yaya godiya. Ta ce ta yi. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce: “Yaya, kai ma fa ba ka tambaye ni abin da nike so ba.”