Ba Duk Ruwan Alwala Ne Ruwan Sha Ba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya ruwa ya zama abin sha kuma abin tsarki ga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk ɗalibin da ya fara karatun littattafai a zauren malami, a Ɗambatta ne ko a wani gari na ƙasar Hausa, da Ahalari ko Ishmawi yake farawa, kuma ba zai kai ga babin salla ba sai ya bi ta babin tsarki. A can ake koya masa cewa ruwa yana nan a kan tsarkinsa muddin najasa ba ta jirkita ɗayan siffofinsa uku ba, watau launinsa, da ɗanɗanonsa, da warinsa. Wannan hukunci daidai ne, kuma rahama ce, gama Allah bai ɗora wa bawa binciken abin da idonsa da harshensa da hancinsa ba za su iya riska ba kafin ya yi ibada. Kuskuren da ya yaɗu shi ne ɗaukar wannan hukunci na ibada a mai da shi shaidar lafiya, har mutum ya ce tun da ruwan rijiyarsa garau yake, ya kuma halatta a yi alwala da shi, to, ba abin da zai sami mai shansa.

Ƙwayar cutar kwalara, wadda jama'a suke kira amai da gudawa, ba ta sake launin ruwa, ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari. Daga bayan gidan wanda ya kamu take fita, ta bi ruwa ko abinci ko hannu ta shiga bakin wani. Tana iya zuƙe ruwan jikin ƙato majiyin ƙarfi tsakanin hantsi da magariba, balle jinjiri ko tsoho. Haka kuma da yawa daga masu ɗauke da ita ba su kwanta ciwo, suna yawonsu suna zubar da ita ba su sani ba.

Wannan annoba ta iso Afirka ta Yamma a 1970, a 1971 kuwa ta kama mutum fiye da 22,000 a Nijeriya, kusan 3,000 suka rasu. A 1991 waɗanda suka rasu sun haura 7,000. A 2021 an ƙirga fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,600 suka riga mu gidan gaskiya, Kano da Jigawa kuwa suna cikin jihohin da abin ya fi tsananta. Amma wadda ta fi dacewa a tsaya a kanta ita ce ta Jihar Kano daga watan Disamba na 1995 zuwa Mayu na 1996, lokacin da mutum 5,600 suka kamu, 340 suka rasu. A shekarar nan sanƙarau ma ya ɓarke, sai likitoci suka kwatanta majinyatan kwalara da ke kwance a Asibitin Zana da majinyatan sanƙarau da ke kwance a asibitin, don su gane abin da ya bambanta su a ci da sha. Abin da suka samu bai wuce fahimtar kowa ba: masu kwalara sun fi shan ruwan 'yan ga-ruwa, kuma kaɗan ne cikinsu suke wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Ƙasar Ɗambatta ƙasar noma ce mai yawan jama'a, gona na jikin gona, ƙauye na hangen ƙauye. Dajin da mutanen dā suke nufi in sun ce za su kewaya, yau ya zama gonar wani ko bayan katangar wani. Da damina ta sauka, abin da aka bari a fili ruwa zai kwashe shi ya kai kududdufi, inda yara suke wanka ake kuma wanke kwanuka, ko ya gangara rijiyar da ba a ɗaga bakinta ba, ko ya manne wa gugan da aka yar a ƙasa. Ranar Lahadi kuma kasuwa ta ci, fatake da masu shanu da masu hatsi su taru daga kusa da nesa, su wuni suna cin abinci suna shan fura, kowa kuma da buƙatarsa ta ɗan Adam. Mutum ɗaya mai ɗauke da cutar ya isa ya raba ta ga ƙauyuka da dama kafin wata Lahadin.

Shari'a ba ta yi shiru a kan wannan ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a cikin ruwan da ba ya gudu, ya kuma tsoratar da mutane game da biyan buƙata a kan hanya, da inuwar da ake hutawa, da mashayar ruwa, ya nuna cewa aiki ne mai jawo wa mai yinsa tsinuwa. Wuraren nan uku su ne wuraren da ƙafa da hannu da baki suke haɗuwa da ƙazantar wani. Abin mamaki shi ne a ga unguwa ta haɗa kuɗi ta gina masallaci, da hasumiya da lasifika da shimfiɗu masu tsada, amma ba masai ko ɗaya, sai masallata su riƙa tsugunawa a gindin bangonsa. Haka tsangayar da ke da almajirai da yawa ba ta da inda za su kewaya. Yaron da ya yi a bayan gari ba shi ne abin zargi na farko ba. Wanda ya karɓi amanarsa, da masu unguwar da ke jin karatunsa da asuba suna sa albarka, su ne za a fara tambaya.

Game da hannu kuwa, Manzon Allah ya umarci wanda ya tashi daga barci kada ya tsoma hannunsa cikin mazubin ruwa sai ya wanke shi sau uku, saboda bai san abin da hannun ya taɓa cikin dare ba. Mai hankali ya lura da abu biyu a nan. Na farko, an yi umarni da wanki alhali ido bai ga ƙazanta ba. Na biyu, a wajen mazubin ake wankin, watau a zuba ruwa a kan hannu ya zube ƙasa. To, ina wannan ina al'adar da ake yi a gidaje da wuraren biki, inda ake kawo ƙwarya ɗaya ta ruwa, maigida ya tsoma hannu, baƙo ya tsoma, har ta zagayo kan ƙaramin yaro, wanda shi ne mafi rauni, ya wanke nasa a cikin dauɗar kowa, sa'an nan a haɗu a kan akushi ɗaya? Cin abinci tare sunna ce mai albarka, ba ita ake suka ba. A ɗauko buta a zuba wa kowa, babba ya riga, girmansa bai ragu ba. Haka moɗar randa: a rataye ta, kada a ajiye ta a ƙasa, kada kuma yatsu su shiga ruwan.

Wani zai ce ai shi sau biyar yake alwala kullum. Alwala tana kawar da hadasi, tana kuma rage dauɗa, amma ruwa zalla ba ya raba hannu da duk abin da ya kwaso wajen tsarki. Magabata sun san haka. A cikin Risala, wajen bayanin yadda ake tsarkin bayan gida, an ambaci cuɗa hannu da ƙasa sa'an nan a wanke shi, kuma an ruwaito Annabi da kansa yana goga hannunsa a ƙasa bayan ya yi tsarki a wankansa. Manufa ita ce a haɗa ruwa da wani abin da zai kankare. A yau sabulu ne ya fi cika wannan manufa, ko da sabulun salo ne, in ya faskara kuwa tokar murhu ta fi ƙasar tsakar gida da dabbobi suke takawa. Binciken masana ya nuna cewa wanke hannu da sabulu yana rage gudawa da wajen kashi 30 cikin 100. Lokutansa sanannu ne: bayan kewayawa, da bayan wanke wa jariri, da kafin girki, da kafin ci ko ba yaro abinci. Kashin jariri, wanda uwaye suke rainawa su watsar a bayan ɗaki, yana ɗauke da cuta kamar na babba.

Akwai masu cewa annoba ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ba sabulun da zai tsare shi. Babu Musulmin da yake musun ƙaddara. Amma a shekara ta 18 bayan Hijira annoba ta faɗa wa ƙasar Sham, wadda ake kira annobar Amwas. Sayyidina Umar yana kan hanyar zuwa can ya sami labari, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa zuwa Madina. Abu Ubaida ya nuna masa kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya ganar da shi cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Daga baya Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana na ciki fita. Ba wanda ya isa ya ce ya fi Umar tawakkali.

Gaskiya ne talauci yana da hannu. Wanda yake sayen ruwa jarka-jarka ba zai zubar da shi yadda mai famfo yake yi ba, kuma samar da ruwa mai kyau nauyi ne a wuyan hukuma wanda wa'azi ba ya sauke mata. A 2021 an ƙiyasta mutum miliyan 48 suna bahaya a fili a Nijeriya. Sai dai a 2022 an bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta rabu da wannan ɗabi'a, ga Kazaure nan kuwa maƙwabciyar Ɗambatta, ƙasa iri ɗaya, samu iri ɗaya. Masai na gargajiya mai murfi, wanda aka haƙa nesa da rijiya da kamar mita 30, bai fi ƙarfin gayyar unguwa ba. Mai hali da yake neman sadaka mai gudana ya sani cewa masan kasuwa ko na tsangaya, ko ɗaure bakin rijiya da siminti, yana cikinta, ko da yake ba a rubuta sunan mutum a jikinsa da manyan baƙaƙe.

In kuwa cutar ta riga ta shiga gida, kada a ɓoye don kunya, kada kuma a hana majinyaci ruwa da zaton shi ke ƙara gudawar. A dafa ruwa lita 1 ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi yana kurɓa a kan hanyar asibiti. In Allah Ya karɓi abinSa, gawar tana nan da cutar. Masu wanka su zama kaɗan, su rufe hannuwansu, su bi abin da ma'aikatan lafiya suka nuna musu, a zuba ruwan wankan a rami a binne, kuma wanda ya taɓa mamacin ko tufafinsa kada ya sa hannu a abincin da za a kai wa masu zaman makoki.