Moɗa da Kofin Yarwa

A Hunkuyi da Kudan da Makarfi, da can in baƙo ya sauka, ruwa ake fara kawo masa a ƙoƙo ko a moɗa. In ya sha, a ɗauraye, a kife a bakin randa. Ƙwarya in ta tsage sai a kai wa gyartai ya ɗinke. In ta mutu sarai, a jefa ta juji, ta ruɓe, a kwashe da taki a kai gona.

Yanzu zamani ya kawo wani abu. Tun wajen shekarun 1990 ruwan leda ya bazu a ƙasar nan. Wajen biki da suna ana raba zoɓo da kunu a kofin roba, mai shayi kuma ya ƙulla wa mai sauri nasa a leda. Kowa ya sha sai ya yar. To, ga tambaya: wanda ya sayi abu da kuɗinsa, yana da ikon yar da shi inda ya ga dama?

Kada a yi wa kofin yarwa rashin adalci, don ba banza aka ƙago shi ba. A Amurka dā mutane kan sha da moɗa guda a makarantu da jiragen ƙasa, cuta tana bin baki. A 1909 Jihar Kansas ta hana wannan, da annobar mura ta 1918 ta zo kuwa sai kofin takarda ya sami kasuwa. Rigakafi ya fi magani, wannan gaskiya ne.

Amma fa araha ba ta ado. Roba ba ta ruɓewa kamar ƙwarya, har kofin takardar ma akwai siririyar leda a cikinsa don kada ya jiƙe. Iska ta kwashi leda ta kai fadama, mai noman rake ya yi ta tono ta da garma. Akuya ta haɗiye, ta cunkushe mata ciki, ta rame har ta mutu. Da damina ta toshe lambatu, ruwa ya kwanta, sauro ya yi ƙwai. In an ƙone ta, hayaƙin ya cuci ƙirji. Saboda irin wannan ne Ruwanda ta hana jakar leda a 2008, Jihar Legas kuma ta hana mazubin abinci na farar roba mai kumfa a 2024.

Ashe kuɗin mai saye kofin kaɗai ya biya. Bai biya akuyar maƙwabci ba, bai biya gonar wani ba. Ya sha daɗin na ɗan lokaci, ya bar wa wanda bai ji bai gani ba wahalar shekaru. Wannan haƙƙi ne, ko da ba alƙalin da zai saurari ƙarar.

Kofin ƙarfe ko na tangaran shi ma ba a banza yake zuwa ba. Ƙera shi ya fi cin kaya da wuta, ga ruwa da sabulu. Ba ya rama wannan sai an daɗe ana morarsa, ba ya kuma kare lafiya sai ana wanke shi sosai.

Saboda haka mai hankali ya riƙe kofinsa, ya tsabtace shi, ya lallaɓa shi ya yi shekaru. Na yarwa a bar shi don lalura, kamar asibiti ko lokacin annoba, in an gama kuma a tara shi wuri guda. Allah ya sa a gane.