Kuɗin Faci: Aiki Muke Saye Ko Matsuwa?

Tun da aka hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, lokacin El-Rufa'i yana minista, masu babur da yawa suka dawo garuruwan gefe irin namu. Yau daga Madalla zuwa Kwamba, daga kasuwar IBB zuwa Maje, ba ka tafiya mai nisa sai ka ga mai faci a gindin bishiya, da injin iskarsa da bahon ruwansa. Ƙannenmu ne, 'ya'yanmu ne. Masu baburan ma namu ne.

Tambayarmu ita ce: idan taya ta sace wa ɗan acaɓa bayan isha'i, a inda babu wani mai faci sai guda, ya halatta a ninka masa kuɗi?

Mai faci yana da hujja. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ɗin da injinsa ke sha ya yi tsada, gam da roba ma sun tashi. Ya zauna cikin duhu lokacin da wasu suka tafi gida. Zai ce, "Ai daren ma na sayarwa ne." Gaskiyarsa. Ƙarin da aka yi saboda wahala haƙƙinsa ne.

Amma akwai wani ƙarin daban, wanda ba wahala ta kawo shi ba, ganin idon mutum ne ya kawo shi. An duba an ga ba shi da mafita, ga balas ɗin mai babur yana jiransa, sai a yanka masa kuɗi. Malaman fiƙihu sun daɗe suna jan kunne kan cinikin wanda ya matsu, domin "na yarda" ɗin da ya fito daga bakin wanda ba shi da zaɓi ba cikakkiyar yarda ba ce.

Sannan ga amana. Mai faci ne ke tsoma tiyub a ruwa, shi ke ganin inda kumfa ke fita. In ya ce huji uku ne alhali ɗaya ne, wa zai musa? In bai kankare wurin sosai ba, ko bai bari gam ya sha iska ba, facin zai ɗaye a kan titin Kaduna, tireloli na wucewa, ga mace da goyo a bayan babur. Nan kuma maganar ta wuce kuɗi, ta koma ta rai.

Mu masu hawa ma da namu. Sau nawa ake cewa "bari in kai fasinja in dawo," shi ke nan, an tafi da gumin bawan Allah?

Shawararmu ga 'yan'uwa masu faci: a faɗi kuɗi kafin a kwance taya, a nuna wa mutum hujin da idonsa, kuma kuɗin dare ya zama sananne, ɗaya ga ɗan unguwa da baƙo. Masu babur kuma a biya nan take, ko a faɗi gaskiya a nemi lamuni.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya tsare mu a hanya.