Kifin Afrilu da Doka ta Takwas

A ƙasar Faransa, ran 1 ga Afrilu, yara sukan yanka kifi na takarda su liƙa wa mutum a baya a ɓoye. In ya farga, sai su kece da dariya suna cewa kifin Afrilu ne. Masu gidajen burodi kuma sukan jera kek da cakulan masu siffar kifi.

To, ruɗin wasa ƙarya ne? Waliyyi Agustin bai lissafa raha cikin ƙarya ba, gama murya da fuskar mai yinta sukan tona ta. Waliyyi Toma Akwinas ya fi tsanantawa: a wurinsa ƙaryar wasa zunubi ce, ko da yake ƙarami. A ganina kifin takarda bai taɓa Doka ta Takwas ba. Ba a faɗi abin da ba haka yake ba, wanda aka yi wa kuma yakan shiga dariyar, watakila har ya ci kek ɗin.

Amma dubi saurayin da ya aika wa uwa cewa ɗanta ya yi haɗarin mota, wai don Afrilu ta kama. Kafin ya ce wasa ne, ta riga ta kama hanyar asibiti da kuka. Wannan kam sai ya je ya roƙe ta gafara, sa'an nan ya zo ga furci.