Surar Wane Ne A Kanka?

Ya kai mai karatu, ka taɓa duban kuɗin da ke hannunka, ka lura da surar da aka buga a kansa?

Kaisar Tibariyas ya yi sarautar Roma daga shekara ta 14 zuwa ta 37. Dinarinsa na azurfa ne, ladan ma'aikaci na yini guda. A fuska ɗaya akwai kan sarki, da rubutu mai kiransa ɗan Augustas, wanda Romawa suka lissafta cikin allolinsu. A baya kuwa ga mace zaune da reshe a hannu, masana da yawa suna ɗauka uwarsa Libiya ce cikin kamannin Faks, gunkin salama. Waɗansu sarakuna suka buga Jufita riƙe da aradu, ko Mars da mashinsa, ko Biktoriya mai fukafukai, domin talakawa su gaskata alloli suna tare da sarki.

Amma duba ƙarshen al'amarin. A shekara ta 64 Kaisar Nero ya rage azurfar dinari, na bayansa kuma suka yi ta ragewa. Wajen shekara ta 270 kuɗin da ake ce da shi na azurfa ya zama tagulla da ɗan shafen azurfa bisa. Alloli suna nan tsaye a kansa, amma darajarsa ta tafi, gama sura ba ta iya ceton ƙarfen da aka gurɓata.

Sa'ad da aka gwada Yesu Almasihu da zancen haraji, ya sa aka kawo masa dinari, ya tambayi surar wane ne. Daga nan ya koyar cewa sarki yana da hakkinsa, Allah kuma yana da nasa. Kuɗin na Kaisar ne domin surarsa tana kai. Kai fa? Cikin surar Allah aka halicce ka, kai nasa ne ɗungum.

Saboda haka ka auna kanka. Kana amsa sunan mai bi, mudunka kuwa ragagge ne? Kana waƙa ran Lahadi, bashin maƙwabcinka yana wuyanka ka ƙi biya? Wannan shafen azurfa ne bisa tagulla. Mutane suna duban fuskar kuɗi, Ubangiji yana gwada ƙarfen.

Ka biya harajinka, ka cika mudunka, ka mayar da abin da ka riƙe na wani tun yau, ka roƙi Allah ya tsarkake zuciyarka kamar yadda maƙeri yake tace azurfa.