Ɗan ƙwaron da ke zane ganyen masara

Idan ka ratsa ciyawar bakin gona da safe cikin watan Agusta, a wajen Gidan Kwano ko kan hanyar Paiko kusa da Minna, za ka ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari suna tsalle daga ganye zuwa ganye a gaban ƙafarka. Tsawonsu bai wuce milimita 3 ba. Launinsu fatsi-fatsi ne mai ratsin ɗorawa, da ɗigo biyu baƙaƙe a goshi. Ba sa cizon mutum, ba sa huda ganye yadda tsutsa ke yi, ba sa tashi gungu su rufe sama irin na fara. Shi ya sa manomi ba ya lissafa su cikin abokan gabarsa.

Amma ka dubi masarar da aka makara wajen shukawa a wannan gonar. Ganyenta ya fito da zane-zane farare ko rawaya, sirara, a tsintsinke, suna bin jijiyar ganye daga tushe zuwa baki. Wadda abin ya kama tun tana ƙarama sai ta tsumbure, goyon da za ta yi bai kai a kai shi kasuwa ba, wata ma ba ta goyon sam. Da yawa daga cikinmu idan mun ga haka sai mu ce ƙasa ce ta gaji, a tafi a ciwo bashin buhun yuriya a zuba. Takin ya tafi, zanen yana nan. Cuta ce ta ƙwayar bairos, kuma ba ta bin iri, ba ta bin fartanya ko hannun manomi. Wannan ɗan tsallen ne ke ɗauke da ita. Yakan soka bakinsa a ciyawa ko masara mai cutar ya tsotsi ruwanta, ƙwayar ta ratsa hanjinsa ta kai ga yawunsa, daga nan duk shukar da ya sauka a kai ya tsotsa yana iya harba mata har ya mutu. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

An daɗe kafin a gane haka. A shekarar 1901 aka fara rubuta bayanin cutar a yankin Natal na Afirka ta Kudu, kuma sai cikin shekarun 1920 wani masani ɗan Ingila, H. H. Storey, ya tabbatar cewa ƙwaron da a yau ake kira Cicadulina mbila ne ke yaɗa ta. Storey ya ci gaba da aikin a Amani, cikin Tanganyika ta wancan lokaci, ya kuma gano wani abin mamaki: a cikin nau'i guda, wasu ƙwarin suna yaɗa cutar, wasu ba sa iyawa, kuma gadon abin suke yi daga iyaye. Ya ɗauki allura siririya ya huda hanjin waɗanda ba sa iyawa, sai ga shi sun fara yaɗawa. Ashe bangon hanjin ne ke tare ƙwayar. Ina jinjina wa haƙurin mutumin da zai zauna yana huda cikin ƙwaron da ido da ƙyar ke ganinsa, don kawai ya san gaskiyar abu.

Labarin ya iso Najeriya da ƙarfi a shekarun 1970, lokacin da noman masara ke bazuwa zuwa arewa kuma cutar na cinye gonaki. Cibiyar binciken noma ta IITA da aka kafa a Ibadan a 1967 ta sa kanta neman irin da ke jure mata. Hanyar da aka bi ita ce a kiwata ƙwarin a keji, a bar su su tsotsi masara mai cuta, a sumar da su da iskar kabon, sannan a bi layi ana zuba 'yan kaɗan a kurman kowace shuka. Wadda ta jure a ajiye irinta, wadda ta kwanta a watsar. A kan gero ake kiwon nasu, geron nan namu na fura da kunu.

A nan ne sanin nau'i ya zama tushen aikin gaba ɗaya. Dangin Cicadulina sun haura nau'i 20, mafi yawansu a Afirka, kuma waɗanda aka tabbatar suna yaɗa cutar ba su kai rabi ba. Ko a cikin masu yaɗawar, wani ya fi wani ƙwarewa, wani kuma ya fi wani yarda ya hayayyafa a keji. Da ido duk ɗaya suke. Idan aka yi kuskure aka cika keji da nau'in da ba ya harbi sosai, masara mai rauni za ta tsira a filin gwaji, a ɗauka jarumar iri ce, a raba wa manoma, ta je ta kwanta a gonar talaka. Cikin waɗanda suka tsaya a kan wannan gaɓa akwai wani masanin ƙwari ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dąbrowski, wanda ya yi aiki a IITA cikin shekarun 1980. Ya tattara waɗannan ƙwari daga sassan Najeriya, ya inganta yadda ake kiwonsu da yawa, kuma a 1987 ya wallafa bayanin nau'i biyu da kimiyya ba ta san da su ba, Cicadulina ghaurii da Cicadulina hartmansi. Shekara guda kafin nan, a 1986, IITA ta samu lambar yabo ta Sarki Baudouin saboda irin masara mai jure wannan cuta. Manomin da ke sauke buhunan masara a Kasuwar Gwari ta Minna yau bai taɓa jin sunan Dąbrowski ba, amma yawancin ingantaccen irin da ake sayarwa a ƙasar nan yana ɗauke da juriyar da aka tace a waɗancan kejin.

Wata 'yar ƙasarsa, Irena Dworakowska, ta fi shi nutsewa cikin wannan fanni. Ta shafe shekaru da yawa a kan wani reshe dabam na ƙwari 'yan tsallen ganye, ƙananan cikinsu masu laushin jiki da ake kira Typhlocybinae, ta bayyana ɗaruruwan nau'o'i daga Asiya da Afirka. Yadda aikin yake: a yanke ƙarshen cikin namijin ƙwaro, a jiƙa shi a sinadari har ya yi garau, a ɗora a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a zana siffar al'aurarsa da hannu, domin a nan ne bambancin nau'i da nau'i yake fitowa. Sai a gwada da zanen waɗanda suka gabata. Haka shekara da shekaru. Wanda ya leƙo ɗakin zai iya cewa ɓata lokaci ne.

Amsar wannan magana ta zo a daminar 2022. Manoman auduga a Kodebuwa, Mali, Burkina Faso, Togo da Senegal sun ga ganye yana naɗewa, yana yin ja yana bushewa, har kuɓewa da yalo da yakuwa ba su tsira ba. Sun san ɗan tsallen auduga tun da daɗewa, irin na dangin Jacobiasca, sunan da Dworakowska ce ta raɗa shi a 1972, kuma feshin da aka saba yana riƙe shi. Wannan karon an yi ta feshi abin bai ji ba. Da masana suka duba a ƙarƙashin madubi sai suka ga baƙo ne daga Asiya, Amrasca biguttula. Sai da aka san ko wane ne sannan aka san inda za a nemi labarin halinsa da abin da ke kashe shi, domin manoman Indiya da Pakistan sun daɗe suna fama da shi. Ba don wasu sun riga sun zauna sun zana bambancin ba, da an ci gaba da zargin maganin jabu ne ko sakacin manomi.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka saba gaggawar magani kafin sanin ciwo. Ka tsaya a shagon mai sayar da maganin feshi a Minna ka saurara. “Alhaji, ƙwari sun shigar mini gona, a ba ni mai ƙarfi.” Shi kuma ya miƙo kwalba, “Wannan ba ya barin komai, Baba.” Ba a tambayi wane ƙwaro ba, ba a kawo ganye an duba ba. Gaskiya ne ba ya barin komai: yana kashe ƙudan zuma da gizo-gizon da ke cin ɓarayin gonar, yana kuma shiga ƙirjin yaron da ya goya tankin feshi ba takunkumi. Masarar da ta riga ta zane kuwa babu feshin da zai warkar da ita. Abin da ke aiki ba ya da tsada: a nemi irin da ke jure cutar, a yi shuka da wuri tare da maƙwabta, a tuge shukar da ta kamu tun tana ƙarama, kada a shuka sabuwar masara a jikin tsohuwa mai cuta, a kuma lura da masarar rani ta fadama da ciyawar gefenta, don a nan ƙwaron ke samun mafaka har ruwa ya sauka.

Jihar Neja ba ta rasa wuraren da za a yi wannan ilimi ba. Ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna tun 1983 da makarantarta ta aikin gona, ga cibiyar binciken hatsi ta ƙasa a Badeggi kusa da Bida, ga kuma tarin ƙwarin da aka adana a Samaru ta Zariya ga mai son gwadawa. Ina fata a samu ɗalibai, ko da biyu ne ko uku a kowane zango, da za su zaɓi sanin ƙwarin kansu maimakon gwajin feshi kaɗai, iyaye kuma su daina yi musu kallon waɗanda suka rasa abin karantawa. Kayan farawa ba su da yawa: ragar kamu ta yadi, 'yan kwalabe da sinadarin adanawa, madubin hannu, da fensir. A kowace kwalba a saka takarda mai sunan ƙauye, da ranar kamu, da shukar da aka samu ƙwaron a kai, domin ƙwaron da ba a rubuta inda aka kama shi ba babu masanin da zai iya amfani da shi.