JAN KUNNE GA MA'ABOTA SAKACI: WAƘA DA SHARHINTA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanar da ɗan Adam rubutu da alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan 'yar waƙa ce da sharhinta zuwa ga 'yan'uwa mazauna zango-zango na ƙasar Gana, tun daga Paga har Bawku, Yendi da Salga, a kan wata cuta da muka raina alhali tana cin dukiya da rayuka, watau sakaci.

FASALI NA FARKO: HAƘƘIN HANYA

Da sunan Allah za ni fara waƙa,
In ja kunnen jama'a kan sakaci.
Ka share ɗaki ka zuba a kwata,
Ruwan sama na tafe, zai zo da ƙunci.
Kana wuridi da carbi a hannunka,
Maƙwabci na kuka, ina mutunci?

Sharhi: Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah ya yi mana rahama da mu da kai, hanya da kwata da rijiya da kasuwa na jama'a ne, kowa yana da haƙƙi a cikinsu. Ya tabbata a cikin hadisi ingantacce cewa kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne daga rassan imani, kuma an gafarta wa wani mutum saboda reshen ƙaya da ya janye daga hanya. To in mai ɗauke ƙaya ya sami gafara, yaya hukuncin wanda ya jibge shara da hannunsa? Haka nan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya tsoratar da mu biyan bukata a hanyar mutane ko a inuwarsu, domin suna jawo wa mai yi tsinuwa.

Kowa cewa yake: "Leda ɗaya ce, me za ta yi?" Amma ledar ruwa ɗaya daga kowane hannu ita ke toshe kwata, kwata ta cika ta komo cikin gidaje, ta gauraya da ruwan sha. A shekarar 2014 annobar amai da gudawa ta kama mutane fiye da 28,000 a Gana, fiye da 200 suka rasu. Ran 3 ga Yuni 2015 ruwa ya yi ambaliya a Ankara, babban birnin ƙasar, magudanai a toshe da shara. Mutane suka fake a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mai ya bi saman ruwa, wuta ta kama, rayuka fiye da 150 suka salwanta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ajali na Allah ne, babu shakka, sai dai ana tambayar bawa a kan sababin da ya ƙulla da hannunsa.

FASALI NA BIYU: AMANAR ALƘALAMI

Ya mai alƙalami, tsaya ka duba,
Ɗigo ɗaya kan rushe kasuwanci.
Ka sa hannu ba ka karanta ba,
Gobe a kotu a ce ka yi ha'inci.
Ka nemi darasi gun Umaru na Salga,
Da ya tsara wasiƙa bisa aminci.

Sharhi: Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma ita ce ta 282 a cikin Suratul Baƙara, kuma maganar rubutun bashi take yi. Ta umarci a rubuta bashi da ajalinsa, ƙarami ne ko babba, ba tare da ƙosawa ba; marubuci ya rubuta da adalci; wanda ake bi bashin shi zai yi shifta, kada ya tauye kome; a kafa shaidu; kada a cuci marubuci ko mai shaida. Dubi yadda Ubangiji ya girmama aikin akawu!

Magabatanmu sun san wannan. Alhaji Umaru na Salga, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya rasu a Kete-Krachi a 1934, tun yana saurayi, a 1877, ya wallafa littafi a kan ilmin rubuta wasiƙa mai suna Al-Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa. Ya yi shi ne a zamanin da fatake ke tafiyar watanni tsakanin Kano da Gwanja neman goro, takarda ɗaya ita ce bakin mutum a inda ƙafarsa ba ta kai ba. Har bayan yaƙin Salga na 1892, da jama'ar garin suka watse, wasiƙa ce ta riƙe zumunci da cinikin da ke tsakaninsu.

Yau kuwa je ka iyakar Paga, inda manyan motoci ke ƙetarawa tsakanin Gana da Burkina Faso, daga tashar jirgin ruwa ta Tema zuwa Wagadugu. In mai cika takardar kwastan ya yi kuskuren lamba ɗaya ta mota, ko ya rubuta adadin kaya ba daidai ba, sai a tsare motar. In tumatir ta ɗauko, rana ba ta jiran gyaran takarda. Jarin bayin Allah ya ruɓe a gefen titi, shi kuwa marubucin ya tafi gida ya yi barcinsa. Haka wanda aka rubuta sunansa iri ɗaya a katin ɗan ƙasa, wani iri a takardar haihuwa, ya yi ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi lokacin neman fasfon Hajji. Haka takardar fili da ba a ambaci iyakokinta huɗu ba: iyaye su mutu, 'ya'ya su gaji shari'a.

Almajiri ya san ɗigo shi ke raba ba da ta da nun. A boko ma lanƙwasa ɗaya ke raba baki da baƙi, kafa da ƙafa. Wanda yake kiyaye ɗigo a allonsa, don me zai sake shi a takardar ɗan'uwansa Musulmi?

FASALI NA UKU: MAGANI

Tarbiyya ba ta tsaya a zawiya ba,
Tana bin ka kasuwa har wurin ci.
Wanda ya san Allah yana ganinsa,
Ba zai yi aikinsa da lalaci.

Sharhi: Malaman tarbiyya sun ce tushen wannan cuta gafala ce, maganinta kuwa muraƙaba, watau bawa ya riƙa halarto da cewa Allah yana ganinsa. Wannan shi ne ihsani da ya zo a hadisin Jibrilu, kuma an hukunta kyautatawa a kan kowane abu. Saboda haka muna yi wa 'yan'uwa wasiyya da abu biyar. Na ɗaya, kowane magidanci ya ɗauki kwatar ƙofar gidansa amana ce a wuyansa. Na biyu, bayan an tashi daga zikirin Juma'a a sa ranar gayya ta share unguwa, malamai su fara riƙe tsintsiya. Na uku, marubuci ya maimaita karanta abin da ya rubuta, ya kuma karanta wa mai takarda da harshen da yake ji kafin ya dangwala. Na huɗu, kada ka sa hannu ko hatimi a kan abin da ba ka karanta ba, ko da ɗan'uwanka ne ya kawo. Na biyar, wanda sakacinsa ya jawo wa wani hasara ya nemi afuwarsa, ya biya gwargwadon ikonsa, domin istigfari kaɗai ba ya sauke haƙƙin bawa.

Ya Allah ka farkar da mu daga barcin gafala, ka tsarkake zukatanmu da garuruwanmu, ka jiƙan waɗanda suka riga mu, ka sa mu cika da imani. Amin.

Tammat bi hamdillahi wa husni aunihi.